Gizon Da Ya Mutu A Cikin Tsohuwar Rigarsa

Ranar da na shigo gida da gizo-gizo a cikin roba, Umma tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi robar, ta dube ni, ba ta ce komai ba sai da ta kakkaɓe rariya. Sannan ta ce, "Yanzu duk kuɗin rajistar da Babanku ya biya, abin da aka koya maka ke nan? Kiwon tautau?" Na ce mata aikin makaranta ne. Ta ce to, aikin makarantar ya tsaya a ɗakin soro, kada ya kuskura ya tsallako mata tsakar gida.

Ni ɗan aji biyu ne a sashen nazarin halittu na Jami'ar Bayero. A zangon karatun da ya wuce wata malamarmu ta ba mu aiki: kowa ya nemi wata ƙaramar halitta marar ƙashin baya, ya ajiye ta mako takwas, ya riƙa rubuta duk abin da ya gani tare da rana da lokaci. Wasu suka ɗauki dodon-koɗi, wasu fara, wata ta kawo tsutsar da ke zama malam-buɗe-littafi. Ni ban sha wahalar nema ba. A bayan tarin yaduddukan shagon ɗinkin Babanmu na same shi, ya baje ƙafafu a jikin bango, launinsa kamar na ƙasa, bai gama girma ba.

Ƙannena, labarin rayuwar wannan gizo-gizo da mutuwarsa zan ba ku, domin mutuwarsa ce ta sa na gane irin iskar da ni da ƙanena muke kwana muna shaƙa.

Gidanmu yana Fagge. Duk wanda ya san unguwar ya san ta da teloli da cunkoso. Ga Kantin Kwari nan kusa inda ake sayo shadda da atamfa, ga kasuwar Sabon Gari inda ake samun zare da kayan keke, gida kuma manne da gida, lungu ba ya ɗaukar mutum uku a jere. Idan ka shigo soronmu, shagon Baba yana hannun dama, yana da tasa ƙofar da ke kallon titi. Hannun hagu kuma ɗan ɗakin da muke kwana ne ni da Autanmu. Ƙofar ɗakin cikin soro take buɗewa. Taga ɗaya gare shi, ƙarama, tana kallon lungu, ita ma tun hunturu muka toshe ta da kwali saboda ƙura, ba mu sake tunawa da ita ba.

A nan na yi wa baƙona masauki. Na samo roba mai faɗi irin wadda masu kanti ke zuba alewa, na wanke ta, na huhhuda murfin da ƙusa mai zafi. Na zuba ƙasa kaɗan, na jingina ɓawon itace domin ya sami abin hawa, na ajiye masa murfin kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga. Auta, wanda yake aji biyu na ƙaramar sakandare, shi ya raɗa masa suna Malam Gizo, kuma shi ya ɗauki nauyin cefane. Bayan kwana biyu ko uku zai kamo ɗan kyankyaso ko gyare ya jefa masa. Irin wannan gizo-gizo ba ya saƙa yana don kama abinci. Laɓewa yake yi, sai abincin ya matso ya yi wuf ya danne shi. Da rana yana lafe a bayan ɓawo, da dare yake yawo.

A mako na uku ya daina ci. Kwana huɗu ɗan kyankyaso yana kai-komo a gabansa, ko kallo bai ishe shi ba. Na ɗauka ciwo ne. Da asubar rana ta biyar Auta ya tashe ni yana cewa, "Yaya, tashi, Malam Gizo ya haihu!" Na haska fitilar waya, sai ga gizo-gizo biyu. Ɗaya a rataye a jikin ɓawo, ɗaya a gefe, ya fi girma, jikinsa fari-fari. Da na taɓa na ratayen da tsinke sai ya kaɗa kamar busasshen ganye. Ashe fanko ne. Saɓa ya yi, kamar yadda maciji yake yi.

Ku da kuke karatun Bayoloji kun san dalili. Mu ƙashinmu a ciki yake, yana girma tare da mu. Gizo-gizo da kyankyaso da kunama nasu a waje yake, sulke ne mai tauri da aka gina da wani sinadari mai suna kaitin, kuma ba ya miƙewa. Idan jiki ya cika shi, dole a tuɓe. Sabuwar fata tana fara haɗuwa a ƙarƙashin tsohuwa. Idan lokaci ya yi sai gizo-gizo ya tura jininsa zuwa gaban jikinsa da ƙarfi har tsohuwar ta tsage ta gefe, samanta ya ɗage kamar murfin kwano. Daga nan ya zazzaro ƙafafu takwas kamar mai cire safa. A wannan lokacin jikinsa laushi ne da shi, ko kyankyason da aka kawo masa a matsayin abinci zai iya yi masa rauni. Shi ya sa Malama ta gargaɗe ni in riƙa cire abincin da zarar na ga ya daina ci.

Da na kai fankon aji, Malama ta ji daɗi, har ta haska mana bidiyon wani babban ɗan'uwansa da ake kira tarantula. Waɗannan manyan gizagizai ne masu gashi, nau'insu ya haura 1,000, ana samun su a ƙasashe masu zafi har da namu na Afirka. Sunan ya samo asali ne daga garin Taranto na ƙasar Italiya. Mafi nauyinsu yana dazuzzukan Kudancin Amurka, idan ya baje ƙafafu yakan kusa santimita 30, wato tsawon rular da ke cikin jakarku. A Turai da Amurka akwai masu kiwon su a akwatin gilashi kamar yadda samarin unguwarmu ke kiwon tattabaru, kuma macen wasu nau'o'in takan haura shekara 20 a raye. Idan tarantula za ta yi saɓa, rigingine take kwanciya, ƙafafu a sama, wanda bai sani ba sai ya ce ta mutu. Ba fatar waje kaɗai take tuɓewa ba, har da kuben haƙoranta da shimfiɗar cikin huhunta. Idan ta taɓa rasa ƙafa, a wajen saɓa take mayar da ita. Malama ta ce masu kiwon nan suna da doka ɗaya da ba sa wasa da ita: ba a fesa maganin ƙwari a ɗakin da take, ba a shan taba, ba a kunna abin hayaƙi. Na rubuta wannan a littafina da hannuna. Na kuma koma gida na manta.

Sai azumi ya zo, a watan Maris, zafi ya fara kankama. Duk ɗan Fagge ya san azumi shi ne kakar teloli. Ɗinkin Sallah ya taru har rufi, ana kwana ana aiki, wuta kuwa sai an ga dama a kawo. Da can janaretan Baba a ƙofar gida yake kwana. Ana saura kwana kaɗan a ɗauki azumi aka sace na wani maƙwabcinmu da tsakar dare, yana cikin aiki, sai dai suka ga wuta ta ɗauke, kafin su fito an yi gaba da shi. Washegari Baba ya ce a shigo da namu soro, a riƙa rufe ƙofar gida bayan an dawo daga asham. Babu wanda ya ga aibin haka. Ni da kaina na kama aka shigo da shi, muka ajiye shi taku uku daga ƙofar ɗakinmu.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai kwata a lungunmu, saboda haka ko da rani ba ma rabuwa da sauro. Kullum da dare sai mun kunna maganin sauro mai hayaƙi, irin mai murɗe-murɗen nan, mu ajiye shi a ƙarƙashin tebur, robar Malam Gizo kuma tana kan teburin. Kuɗin-cizo suka dame mu, Auta ya sayo fiya-fiya a wurin mai talla ya yayyafa a gefen katifa da kusurwoyi. Yaran shago kuma a soro suke hura gawayin dutsen guga. Duk wannan, taga a toshe.

Tun makon farko na fara tashi sahur da ciwon kai, wani irin nauyi a goshi kamar an ɗaura mini dutse. Auta kuwa sai an yi ta girgiza shi kafin ya farka, in ya farka ya zauna ya tasa abinci a gaba yana cewa zuciyarsa na tashi. Umma ta ce wahalar azumi ce. Baba ya ce zafi ne da rashin barci. Aka kai Auta gwajin zazzaɓin cizon sauro, ba a ga komai ba. Muka riƙa shan farasitamol bayan buɗa-baki. Wani abu da na lura da shi amma ban ba shi muhimmanci ba shi ne, kafin adaidaita sahu ta kai ni makaranta, kan ya saki. Sai na kwana a gida ya dawo.

A mako na bakwai Malam Gizo ya sake daina ci. Na yi murna, na san saɓa ce ke tafe. Amma wannan karon tafiyarsa ta canja. Yana hawa ɓawo yana zamowa, ƙafafunsa na karkarwa kamar na mai jin sanyi. Ga abin da na rubuta a daren da abin ya faru. Ƙarfe 11:40, ya rataye a jikin ɓawo. Ƙarfe 12:30, baya ya tsage. Ƙarfe 2:00, ƙafa uku sun fito. Ƙarfe 4:15, lokacin sahur, har yanzu ƙafa uku. Da gari ya waye na same shi a ƙasan roba. Ƙafa biyar suna maƙale a cikin tsohuwar fata, ukun da suka fito sun naɗe a ƙarƙashin cikinsa. Na duba murfin kwalba, audugar ta bushe ƙamas. Kwana nawa rabona da in jiƙa ta, ni kaina ban iya tunawa ba, saboda ina dawowa daga makaranta shago nake shigewa taya sa maɓalli.

Auta ya yi shiru ya ƙura wa robar ido. Ni kuwa, gaskiya, makina na fara tunawa. Saura mako guda aiki ya cika.

Na sami Malama a ofis, na ajiye mata robar ina ba da haƙuri. Ta ce, "Mutuwa ma sakamako ce, in dai ka gano dalilinta. Zauna. Rubuta mini duk abin da ke shiga iskar ɗakin da ka ajiye shi, kada ka bar komai." Na rubuta: ƙura, maganin sauro, fiya-fiya, gawayin guga, janareta. Na ƙara da cewa taga a toshe take.

Ta ɗauki biro ta fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce gizo-gizo ba shi da hanci. A ƙarƙashin cikinsa akwai 'yan tsagu, a bayansu akwai huhu mai siraran shafuka jere kamar na littafi, iska tana ratsa tsakaninsu, jini yana gudana a cikinsu. Tarantula tana da irin wannan huhu guda huɗu, irin nawa yana da biyu tare da wasu 'yan bututun iska. Ba ya tari, ba ya atishawa, ba shi da gashin hanci mai tace ƙura. A daji idan wuri ya ɓaci sai ya gudu, amma a cikin roba ina za shi?

Ta ja layi a ƙarƙashin maganin sauro da fiya-fiya. Ta ce waɗannan don kashe ƙwari aka yi su, ta hanyar rikita musu jijiyoyi, kuma jijiyar gizo-gizo da ta sauro aikinsu iri ɗaya ne. Karkarwar da na gani alamar haka ce. Ta tambaye ni inda muke kamo kyankyason da muke ba shi. Na ce a kusurwoyin ɗaki. Ta ce, "Kusurwoyin da kuka yayyafa wa magani? To, kun shaƙa masa, kun kuma ciyar da shi." Sai ta zo kan auduga. Ta ce wasu gaɓoɓin ƙafar gizo-gizo ba su da tsokar miƙewa, ƙarfin jini ne yake miƙar da su, kamar yadda iska ke miƙar da tiyo. Shi ya sa duk mataccen gizo-gizo za ka gan shi ƙafafu a naɗe. Wanda ƙishirwa ta kama a busasshiyar iskar Maris ba shi da isasshen ruwan jikin da zai turo kansa daga tsohuwar fata. Guba ta raunana shi, fari ya ƙarasa shi, a daidai daren da ya fi kowane dare buƙatar ƙarfinsa.

Da ta zo kan janareta sai ta tsaya. Ta ce, "Wannan bai cika damun gizo-gizo ba. Jininsa ba irin namu ba ne. Namu ja ne saboda ƙarfen da ke cikin himoglobin, nasa shuɗi-shuɗi ne saboda tagulla, kuma gubar hayaƙin inji ba ta kama shi kamar yadda take kama namu." Ta ajiye biro ta dube ni. "Wa yake kwana a ɗakin nan?"

Na ce ni da ƙanena.

"Kuna tashi da ciwon kai?"

Gabana ya faɗi. Ban gaya mata ba.

Ta ce duk abin da ke ƙonewa, fetur ne ko gawayi ko itace, idan bai sami wadatacciyar iska ba yana fitar da kabon monoksaid, wanda kuke rubutawa CO a darasin Kemistiri. Ba shi da launi, ba shi da wari. Warin da muke ji na hayaƙin inji na wasu abubuwan ne daban. Idan ya shiga huhu yana manne wa himoglobin fiye da yadda oksijin ke mannewa, sama da ninki 200, sai jini ya riƙa zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata ba. Farkonsa ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Idan ya yi yawa, mai barci ba ya farkawa. Ta ba ni labarin wani masanin Birtaniya, John Scott Haldane, wanda tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 ya ba da shawarar masu haƙar kwal su riƙa shiga rami da ƙaramar dabba, domin ita gubar take fara kayarwa. Daga nan aka saba shiga da tsuntsun kanari a keji, ba a daina ba a Birtaniya sai a 1986, lokacin da na'ura ta maye gurbinsa. Sannan ta ce, "Ka sa gizo-gizo a roba kana nazarinsa, ba ka lura kai ma a cikin roba kake ba. Tashi ka tafi gida. Maganar maki ta jira."

A cikin adaidaita sahu abu ɗaya nake ta saƙawa: yaya zan gaya wa Baba? Saura kwana tara Sallah. Kayan mutane sun cika shago, wasu sun biya kuɗi tun kafin azumi. Da ɗinkin nan ake biya mini makaranta. In ce a fitar da inji waje, ga ɓarayi. In ce a kashe shi, ga alkawarin mutane. Kuma ni ɗa ne, ba na tsaya a gaban mahaifina a gaban yaransa in ce abin da ya yanke ba daidai ba ne.

Sai na bi ta hannun Umma. Na same ta tana haɗa kunun buɗa-baki, na zayyana mata komai. Da na zo kan cewa mai barci ba ya farkawa, sai ta daina damu. Ta ce, "Shi ya sa yaron nan sai na yi ta dukan ƙofa?" Ba ta jira an sha ruwa ba, ta aika aka kira Baba.

Baba ya saurare ni har na gama, yana tsaye da tef a wuya. Ya ce, "Yanzu saboda tautau ya mutu za a fitar mini da inji titi?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ba don shi ba ne. Shi wani abu ne daban ya kashe shi. Auta nake ji." Umma ta ce, "Malam, inji in an sace ana sayen wani." Baba bai amsa ba. Ya juya ya shiga ɗakinmu, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya tsaya a tsakiya, ya dubi taga, ya miƙa hannu ya fizge kwalin. Ya fito ya ce wa babban yaronsa, "Je ka kira mini mai walda."

A daren nan a tsakar gida muka kwana ni da Auta, a kan tabarma, janareta kuma a waje, wani yaron shago yana zaune kusa da shi yana gadi. Washegari mai walda ya haɗa kejin ƙarfe da sarƙa da kwaɗo biyu, aka kafa shi a bakin titi. Masana suna cewa a nisanta janareta aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. A Fagge samun mita 6 da babu tagar wani aiki ne, amma mun ƙara tsawon waya, muka kai shi iya inda za mu iya, muka juya bututun hayaƙin ya kalli titi. Gawayin guga ya koma waje. Sauran fiya-fiya Umma ta ƙwace. Ta ciro gidan sauron da aka raba tun bara, yana nan a cikin ledarsa, muka ɗaura. Kwana biyu bayan haka Auta ya tashi sahur da kansa, ya cinye nasa, ya miƙa hannu cikin nawa.

Na san da yawanku ba ku kiwon komai a roba. Amma kowannenku yana da ɗakin da yake kwana, wasu a gida, wasu a makarantar kwana, wasu kuma suna raba dare suna karatun WAEC da NECO, maganin sauro na ci a gindin ƙafarsu. Aikin da Malama ta ba ni shi zan ba ku. Yau da dare ku ɗauki takarda ku rubuta duk abin da ke shiga iskar ɗakinku, sannan ku duba ta ina yake fita.

Ba ina cewa a bar sauro ya ci mutane ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kimanin rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Amma hanyar kariya ta fi hanya. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gano cewa maganin sauro na kunnawa guda ɗaya yana iya fitar da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Idan dole sai an kunna, a kunna kafin a shiga, taga a buɗe, a kashe kafin a kwanta. Gidan sauro ya fi, domin maganinsa a jikin zare yake zaune, ba ƙona shi ake yi ana shaƙa ba. Fiya-fiya kuwa yawanci da wani sinadari mai suna daikulobos ake haɗa shi, maganin gona ne, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irinsa a kasuwanni. Kwalbar da ba ta da suna ba ta da bayani ba abin yayyafawa a gefen katifa ba ce. Haka nan kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki da hunturu a rufe ƙofa, shi da janareta a soro ɗanjuma ne da ɗanjummai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, mafi yawa daga hayaƙin girki, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Ga alamar da nake so ku riƙe. Idan mutum biyu ko fiye da ke kwana a ɗaki ɗaya suna tashi da ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya, kuma abin yana saki idan sun fita waje, to ku tuhumi ɗakin kafin ku tuhumi sauro. Ku fita, ku buɗe ƙofa da taga, a kashe abin da ke ci. Kada wanda jiri ke ɗiba ya ce bari ya ɗan kwanta ya huta a ciki. Idan wani ya kasa farkawa, a fito da shi sarari a garzaya da shi asibiti, a kuma gaya wa likita abin da ke kunne a gidan. Idan kuma babba ne ya kawo abin, ku faɗa cikin ladabi, ko ku bi ta hannun wanda zai iya faɗa. Babanmu ba mugunta ta sa ya shigo da inji soro ba, dukiyar da yake ciyar da mu da ita yake karewa. Abin da bai sani ba ne kawai, ni kuma da aka tura makaranta don in sani, na rubuta a littafi na rufe.

Rahotona ya cika mako bakwai maimakon takwas, amma Malama ta karɓa, ta ce in karanta wa 'yan aji shafin ƙarshe. Fankon saɓar farko yana nan a cikin kwalin ashana a kan teburina, ƙafa takwas cif, babu wadda ta karye.

Bayan Sallah da kamar wata guda, Umma tana sharar soro sai ta ga wani tautau a saman bango, kusa da inda janareta yake a da. Auta ya ruga ya ɗauko roba. Umma ta tare shi da tsintsiya ta ce, "A'a. Wannan ku bar shi a inda yake, yana kama mana kyankyaso."